Gonar Mai Takaba

Ranar da aka kai Da'u makwancinsa, ruwa bai gama janyewa daga fadamar Gafasa ba. Shinkafar da ya yi ta kutsawa cikin ambaliya don ya ceto tana nan kwance tana ruɓewa, shi kuma zazzaɓin da ya kwaso a can bai ba shi ko kwana goma ba. Matarsa Hajo ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma. Tsofaffin gidan suka cire mata 'yan kunne, suka ba ta zane mai duhu, suka jera mata dokoki: ba kwalli, ba turare, ba ɗaga murya, ba leƙa zaure, kada baƙon namiji ya ji ko tarinta. Ta ce to.

'Yarta guda ce a duniya, Wasila, tana aure can Lafiya. Ta zo ta yi kwana bakwai tana kuka, ta koma ɗakinta. Daga addu'ar bakwai masu gaisuwa suka ɗauke ƙafa, sashen ya rage daga Hajo sai awakinta uku. Katanga ɗaya ce tsakaninta da sashen wan mijinta, Malam Abdulsalam, da matarsa Hanne. Tana jin dakansu, tana jin dariyarsu, har kukan mai a kasko tana ji, amma sai ta yini ba wanda ya kira sunanta. Kaɗaici ya kama ta ƙwarai, har ta soma yi wa awaki hira.

Abu ɗaya ya rage mata da za ta jingina da shi, wato gonar fadama. Tata ce, halak malak. Shanu biyu da mahaifinta ya ba ta tun tana garinsu Balan ta sayar, Da'u ya je ya biya a matsayinsa na namiji. Ba a rubuta takarda ba, don wa ke rubuta takarda tsakanin mata da miji? Wanda ya sayar musu da gonar ya daɗe da rasuwa. Amma kowa a gidan, babba da yaro, gonar Hajo yake ce mata.

Tana da kwana ashirin a takaba ta ji sanarwa ta rediyon Hanne, ta tsallaken katanga. Gwamnati za ta ba manoman da ambaliya ta shafa tallafi, da kuɗi da iri da taki, har da injin ban ruwa don noman rani. Sharaɗin shi ne mai gona ya tsaya a cikin gonarsa a ɗauke shi hoto, ya dangwala yatsa a na'ura. Hajo ta roƙi Hanne ta kira mata maigidanta. Sai bayan la'asar ya zo, ya tsaya a bayan asabari, bai shiga ba.

"Ina wuni, Yaya?"

"Lafiya lau. Ya ƙarin haƙuri?"

"Haƙuri sai ma'aiki. Yaya, na ji an ce za a rubuta sunayen masu gonaki. Shi ne na ce ko za a sa nawa."

Ya yi gyaran murya irin ta mai shirin wa'azi.

"Hajo, ke fa a cikin ibada kike. Ko kwana arba'in ƙanina bai yi a kabari ba, a ce an ga matarsa a fadama tana tsayawa maza na ɗaukarta hoto? Me garin nan zai ce da mu? Ki bar min wannan. Ni zan tsaya a madadinki. Duk abin da ya fito, naki ne, ko allura ba zan taɓa ba."

"To sunan wa za a rubuta?"

"Suna ai ba komai ba ne. Gida ɗaya ne, tuwo ɗaya ne."

Ta so ta ƙara magana, kunya ta rufe mata baki. Shekara ashirin da bakwai tana gidan nan, ko sunansa ba ta taɓa kamawa ba. Ta ce, "Allah ya saka da alheri, Yaya." Da zai tafi ya ce ta miƙo wayar marigayi, don da lambarta za a yi rajista. Ta miƙa ta ƙarƙashin asabari. Da wayar nan kaɗai Wasila ke samunta.

Ranar Talata da hantsi ta ji tsayuwar mota a ƙofar gida. Sashenta ne mafi kusa da zaure, don haka komai a kunnenta aka yi. Muryoyin maza uku ko huɗu, sannan muryar mace mai kaifi, irin ta 'yan boko.

"Malam, mun rubuta naka. Babu mace mai gona a gidan nan? Ko tsohuwa ce, ko marar lafiya, ko mai takaba, ni zan shiga da na'urar in same ta a ɗaki. Hoton gonar daga baya ma a ɗauka."

Hajo ta miƙe tsaye ba ta san ta miƙe ba. Ta tako har bakin ƙofarta, ta dafa dokin ƙofa. Taku goma ne tsakaninta da zauren.

"Babu, Malama," in ji Abdulsalam. "Matanmu ba sa noma."

"Ka tabbata? Don an ce an yi rasuwa a gidan."

"An yi. Ƙanina ne. Gonarsa ita ce na nuna muku."

Kalma biyu kawai ake bukata daga bakinta, ta ce ga ni. Amma ga maza baƙi a zaure, ga dokar tsofaffi a kunnenta, ga shi kuma in ta yi magana ta ƙaryata wan mijinta a gaban mutane. Ta ce a ranta, watakila dabara yake yi don ya rufa mata asiri. Ta tsaya a nan har ta ji an tayar da mota. Sannan ta koma ta zauna a tabarma, ta ja carbi, tana ba kanta haƙuri.

Daga ranar kwanon tuwon da Hanne ke kawowa ya soma rama. Da farko malmala biyu ce, ta koma ɗaya, miya kuma sai ka ga gindin kwano ta cikinta. Kokon safe ya zama yau a kawo gobe a manta. Hajo ba ta iya tambaya. Wata rana dai yunwa ta ci ƙarfinta ta ce, "Yaya Hanne, hatsin da ke rumbun marigayi fa?"

"Wane hatsi, 'yar nan? Ai masu zaman makoki sun cinye. Kin san taron da aka yi kuwa? Mu ma maneji muke yi."

Hajo da hannunta ta zuba geron nan, ta san ko garin Gafasa duka aka tara ba zai ƙare a kwana bakwai ba.

Da sadakar arba'in ta matso, Abdulsalam ya sake tsayawa a bayan asabari. Ya ce ba zai yiwu a yi wa ƙaninsa sadakar kunya ba, kuma hannunsa babu komai, don haka za a kai awaki biyu kasuwar Gaya. Idan tallafi ya fito zai maye mata da huɗu. Aka ja su suna kuka. Bayan sati biyu aka dawo aka ja ta ukun, wai ita kaɗai ba ta cin abinci, gara a sayar kafin ta rame. Hajo ta yi kukan akuyar nan kamar an yi mata sabuwar mutuwa, don daga ranar ba ta da wanda za ta ce wa ina kwana.

Ta tambayi wayar sau uku. Na farko aka ce ba caji. Na biyu aka ce dole ta zauna a aljihunsa, kada saƙon banki ya shigo ba a gani ba. Na uku Hanne ta ce, "Wasila ta bugo, ta ce a gaishe ki. Mun ce mata kina lafiya ƙalau, har ƙiba kin yi." Ta faɗa tana kallon gefe, don zanen Hajo a lokacin sai ta ninka shi sau biyu yake kama ƙugunta.

Ba wanda ya gaya mata ranar da tallafi ya fito. Hancinta ne ya gaya mata. Ƙamshin soyayyen nama ya tsallako katanga tun da azahar, sannan ta ji ana gwada sabon inji a tsakar gida, yana ta ɓaɓatu, maƙwabta na shigowa suna Allah ya sanya alheri. Da yamma aka kawo mata shinkafa da tsoka biyu a kai. Ta daɗe tana kallon kwanon. Ta ci, don yunwa ba ta san zuciya ba, amma tana ci hawaye na zuba.

Kashegari ta sa aka kira shi.

"Yaya, na ji kamar abin ya fito."

"Wa ya gaya miki? Ai mutanen nan ba su da gaskiya. Ɗan abin da suka turo ko rabin alkawari bai kai ba. Kuma kin san na sha hanya, Ajingi sau nawa, Gaya sau nawa, duk da man babur ɗina."

"To ko yaya yake, a ba ni in sayi ko sabulu."

"Me mai takaba za ta yi da kuɗi? Ci ake kawo miki, sha ake kawo miki. Gonar zan zuba wa, kada ta kwana banza. In kin fita kya gani da idonki."

Ta ƙirga sauran kwanakin da ƙwayar masara a cikin gwangwani, kullum ta cire ɗaya. Kwana hamsin, arba'in, talatin. Tari ya kama ta, ba wanda ya ce a kai ta asibiti, tun da mai takaba ba ta fita. Hanne ta jiƙo mata sassaƙe ta ajiye a bakin ƙofa. Abin da ya riƙe ta shi ne tunanin gonar. Tana kwance tana lissafin inda za ta yi kwamin albasa, da gefen da za ta bar wa tumatir, da yadda in ta sayar za ta hau mota ta je ta ga jikokinta a Lafiya.

Ranar da gwangwani ya ƙare ta yi wanka, ta ɗaura zanenta na da, ta shafa kwalli. Ba ta jira kowa ba, ta kama hanyar fadama. Ƙafafunta sun manta tafiya, sai da ta zauna sau biyu a hanya. Tun daga nesa ta hango gonar, kore shar, albasa ta yi kyau har ta ba ta sha'awa. Inji na ɗaga ruwa, mata 'yan ƙwadago sun sunkuya suna cire ciyawa. Zuciyarta ta yi sanyi, ta ce ashe ta zargi bawan Allah a banza.

Abdulsalam na zaune a gindin mangwaro. Ta durƙusa ta gaishe shi.

"Sannu da ƙoƙari, Yaya. Allah ya biya. Yanzu tun da na fito, sai a cire abin da ka kashe, in ci gaba da kula da abata."

"Abarki? Wace?"

"Gonata."

Ya yi 'yar dariya, ya dubi matan da ke aiki, ya rage murya.

"Hajo, kada zaman ɗaki ya taɓa miki kai. Wannan gonar gidanmu ce. Ni na ara wa Da'u yana nomawa don ya riƙe iyalinsa. Ko cikin gadonsa ba ta shiga."

"Yaya, shanuna biyu! Kai da kanka ka raka shi kasuwa aka sayar."

"Shanu kuwa an sha sayarwa a gidan nan. Wa ya san abin da aka yi da kuɗinsu?"

Ta kai ƙara wurin mai unguwa, Malam Kabo, mutum mai son a zauna lafiya ko da a kan wuyan wani ne. Aka kira Abdulsalam. Ya zo da takarda a cikin leda, ya warware ta a hankali. Ga tambarin gwamnati, ga sunansa, ga hotonsa tsaye cikin ruɓaɓɓiyar shinkafa, ruwa har gwiwa, fuskar nan abin tausayi. Mai unguwa ya juya takardar ya sake juyawa.

"To Hajo, ke ina taki takardar?"

"Ranka ya daɗe, ba ni da ita. Amma kai ma ka san gonar Hajo ake ce mata."

"Ana faɗa, na sha ji. To amma ai ana cewa motar wane, alhali direba ne kawai. Gwamnati ta zo har ƙofar gidanku ta tambaya, ba ki ce komai ba. Kina da shaida?"

Shaida ɗaya ta sani. Ta same ta a madafa tana tankaɗe.

"Yaya Hanne, ke kika riƙe min kuɗin shanun nan kwana biyu a ƙarƙashin gadonki. Ki zo ki faɗa don Allah."

Hanne ba ta ɗago ba. "Na sani, Hajo. Wallahi na sani. Amma in na buɗe baki, a ina zan kwana? 'Ya'yana bakwai a gidan nan. Ki bar wa Allah."

Ta sayar da tukunyarta babba ta yi kuɗin mota zuwa Ajingi. A ofishin masu rabon tallafi ta yini a kan benci, sai da aka kusa tashi aka nuna mata wata mata mai tabarau, Malama Halima Sadiya. Tana buɗe baki Hajo ta gane muryar. Ta ba ta labari daga farko har ƙarshe. Matar ta ajiye biro.

"Baba, ni ce na zo gidanku. Sau biyu na tambaya."

"Na ji ki, 'yata. Ina bakin ƙofa."

"To me ya hana ki magana?"

"Takaba nake yi."

"Innalillahi. Baba, wa ya ce miki takaba ta hana mace magana a kan haƙƙinta? Ki tambayi duk malamin da kika yarda da shi. Ko fita ce ta lalura, da rana, an yarda ki yi. Mata goma sha ɗaya na rubuta a ɗakunansu, suna cikin takaba."

Wata huɗu da kwana goma Hajo na tsare kanta don Allah, ashe ba Allah ne ya rufe mata baki ba.

"Yanzu ba yadda za a yi?"

"An rufe rajista, an biya, an aika da sunaye sama. Takardarmu ba takardar mallaka ba ce, wannan ki sani. Amma kafin a warware sai kotu, kotu kuma shaidu za ta nema." Ta buɗe jaka ta ba ta kuɗin mota. Hajo ta karɓa da hannu biyu, kunya kamar ta nutse.

Ina za ta? Gidan ubanta a Balan ya zama kango, 'yan'uwanta sun bi shanu kudu shekara da shekaru. Zama gidan suruki a Lafiya kuwa ba ta ga fuskar yin sa ba. Ta dawo ɗakinta. Kwanon tuwo ya daina zuwa gaba ɗaya, don an ce wadda ta kai maigida ƙara ta nuna ta fi ƙarfin tuwonsa. Ta yi kwana uku a kan ruwan ƙanzo da kyautar maƙwabta.

A rana ta huɗu Abdulsalam ya aiko Hanne. Ya ce shi ba mai riƙo ba ne, ya yafe mata. Kuma ba zai iya kallon matar ƙaninsa tana yunwa ba, don haka in tana so ta bi mata 'yan cirar ciyawa gobe, zai sa a ba ta wuri.

Ta je. Me za ta yi? Ta sunkuya a layi ɗaya da matan da ita ce a da take sallama da yamma. Ta san kowane lungu na ƙasar nan, ta san inda ruwa ke kwanciya, ta san kwanar da Da'u ke ajiye butarsa. Matan ba su yi mata hira ba, kunya ta hana su haɗa ido da ita. Ta yi aikinta tsaf, ko tushe ɗaya ba ta taka ba, don hannunta ya ƙi yarda cewa albasar wani ce.

Da la'asar aka jeru a gindin mangwaro karɓar lada. Da aka zo kanta, Abdulsalam ya ƙirga mata irin na kowa, sannan ya ɗaga murya yadda masu wucewa za su ji.

"Ga ƙarin ɗari biyar. Ke ta gida ce, ba zan haɗa ki da bare ba."

Wasu dattawa biyu da ke dawowa daga gonakinsu suka tsaya. Ɗaya ya girgiza kai don sha'awa.

"Kai, Malam Abdu, Allah ya yi maka albarka. A zamanin nan wa ke riƙe matar ɗan'uwa haka?"

A takardun gwamnati an rubuta cewa tallafi ya isa Gafasa, ya shiga hannun mai shi, kuma ga albasa nan kore shar ga duk mai son shaida. A masallaci Malam Abdulsalam na sahun gaba, ana ba da misali da shi wajen zumunci. Ba a fasa ƙofar kowa ba, ba a zare wa kowa wuƙa ba. Kunya da biyayyar baiwar Allah kawai aka samu a buɗe, aka shiga ta nan aka kwashe.

Hajo ta ƙulle kuɗin a bakin zane. Dattawan na tsaye suna jiran su ji abin da za ta ce, Abdulsalam ma yana jira.

"Na gode, Yaya," in ji ta.

"Ba komai. Gobe ki zo da wuri, akwai sauran ciyawa ta gefen gabas."